Fuskar Safara'u a Bangon Asibiti

Barau mai sayen gyaɗa shi ya ɓata sunan Safara'u, kuma yana sane. A ji yadda aka yi.

Safara'u 'yar Gwangwan ce, ƙuli-ƙuli take kaiwa kasuwar Rogo. Nan Falalu ɗan ƙauyen Yammedi ya fara ganinta. Hutu ya zo daga jami'a a Zariya, inda ya haɗa karatu biyu, na lafiyar jiki da na zane. Ya sayi ƙuli, ya ci, ya ƙara saye, ya ƙi tafiya.

"Malam, haƙoranka za su ƙare," ta ce.

"Su ƙare, 'yar Gwangwan."

"An ce har zane kake koya. Kai likita ne ko mai gawayi?"

Tun daga ranar take ce masa Likitan Gawayi. Kafin hutu ya ƙare manya sun shiga maganar.

Ya koma makaranta, aka ce ya zana hoton gargaɗi kan kuturta: mutum da ɗan farin tabo a kumatu, don a riƙa zuwa magani da wuri. Shi kuwa sakarai, hannunsa fuska ɗaya ya sani, ta Safara'u. Hoto ya yi kyau, aka buga, aka manna har a asibitin sha-ka-tafi na Rogo.

Barau ya taɓa neman Safara'u ta ƙi shi. Ya iya karatu sarai, ya san abin da aka rubuta a ƙasan hoton. Ya ɓamɓare shi, ya hau keke sai Yammedi, gidan Lami, uwar Falalu.

"Inna, kin gane wannan? Ai ba a manna mutum a asibiti haka kawai."

Lami ta aika a dakata da maganar aure. A kasuwa ƙulin Safara'u ya daina fita. A bakin rijiya mata suka riƙa janye gugansu. Mahaifinta, Malam Ƙasimu, ya ce wanda ya rataye masa 'ya a bango ba zai zama surukinsa ba.

Kullum da safe yarinyar nan sai ta ɗauki madubi ta yi ta mintsinin kumatunta, ko akwai inda ba ta jin zafi. Ta rame, ta bar cin abinci a kwano ɗaya da ƙannenta.

Da Falalu ya ji, ya baro Zariya. A ƙofar gida ta tsaya masa nesa.

"Kada ka matso. Ka ga wani abu a fuskata ne ka ɓoye mini?"

"Wallahi babu, Safara'una. Kowace fuska na fara, taki take komawa. Laifina ne."

"Kai ka zana ni. To ka goge ni daga bakin mutane."

Ranar kasuwa ya durƙusa gaban farantinta, ya ce ta ba shi ƙuli da hannunta. Ta miƙa, ya ci. Sai ya ɗauki gawayi ya nufi bangon rumfar awo. Ya zana fuska: hula a karkace, wushirya, ɗan gemu, ga tabo a kumatu.

"Jama'a, wane ne wannan?"

"Barau!" Kasuwa ta kece da dariya.

"To ya kamu ke nan?" Ya zana tasa fuskar a gefe, ita ma da tabo. "Zane ne kawai. Mai tabon gaske ma kada a guje shi, a kai shi asibiti, yana warkewa."

Lami na cikin taron. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta zo ta kama haɓar Safara'u, ta ɗauki ƙuli ta gatsa. Da yamma Falalu ya je ya zube gaban Malam Ƙasimu yana tuba. Dattijon ya ja masa rai har bayan kaka, sannan aka ɗaura aure. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Amma Barau fa? Ranar ɗaurin aure yana sahun gaba yana ɗibar goro, ko "yi haƙuri" bai ce ba. Ramar da yarinyar nan ta yi, da kwanon da ta ware wa kanta, wa zai ɗauki alhakinsu? Ya kamata dagacin Gwangwan ya kira shi, ya sa shi ya tsaya gaban bangon nan ranar kasuwa, ya faɗa da bakinsa abin da ya kai shi Yammedi.