Wa Yake Ji wa Duna Ciwo?

Wani yaro a garin Tawa yana da ɗan kwikwiyo. Kawunsa ne ya kawo shi daga Tebaram don ya girma ya yi gadin awaki. Yaron ya sa masa suna Duna.

Wata safiya ya ga rauni a bayan Duna. Washegari ga wani a cinya. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Wane mugu ne yake cutar ɗan tsurut ɗin nan?

Sai ya tuna da Aghali, ɗan maƙwabta, mai yawo da danƙon harbin tsuntsu. Ya ruga wurinsa.

"Kai ne! Kai ka harbe shi!"

"Wallahi ban taɓa shi ba," in ji Aghali.

Ina! Yaron bai saurara ba. Ya kai ƙara wurin mahaifin Aghali. Aka ƙwace danƙon, aka zane Aghali, aka hana shi fita wasa.

Amma raunuka ba su daina fitowa ba.

Baban yaron ya ce, "Aghali shina gida tsare. To, wa ke harbin Duna yanzu? Mu tahi ga likitan bisashe."

Da suka isa asibitin dabbobi, likita ya ce, "Ɗauko shi nan."

Yaron ya kama fatar wuyan Duna ya ɗaga shi, yadda kowa ke ɗaukar kwikwiyo. Fatar ta miƙe, ta yage kamar tsohon zane. Duna ya tsala kuka.

"Aje shi!" in ji likita. Ya wanke raunin, ya ɗinke. "Babu wanda ya harbe shi. Fatarshi ce ba ta da ƙwari. Gado ne, da shi anka haife shi. Ƙayar shinge na yaga ta. Hannunka ma."

Kunya ta kama yaron. Haushin kansa ya cika shi. Daga nan gidan su Aghali ya nufa.

"Ka yi haƙuri. Na yi maka ƙazafi."

"A banza anka buge ni!" in ji Aghali, ya juya baya.

Yaron ya shiga ya faɗa wa mahaifin Aghali gaskiya. Aka mayar da danƙon. Da la'asar sai ga Aghali da tsohuwar rigarsa mai laushi. Innar yaron ta ɗinka wa Duna 'yar taguwa da ita. Yaran biyu suka share ƙaya daga tsakar gida, suna dariya.

Tun daga ranar, yaron yana tallabar Duna da hannu biyu. Ya kuma koyi darasi: kada ka zargi mutum sai ka bincika.