Ciwon Da Ba Ya Son Ƙarfe

A gidan su Injiniya ba a yanke magana sai an ji ta bakin kowa. Wato Inna ta faɗi abin da za a yi, sauran su ce ai su ma abin da ke ransu ke nan.

Injiniya firji da fanka yake gyarawa a shagonsa na bakin titi, sunan kuwa abokai suka laƙaba masa ya bi shi. Matarsa, Malama, lissafi take koyarwa a firamare. Shekararsu tara da aure, ga 'ya'ya biyu, amma har yanzu in ta yi masa wani irin kallo sai filaya ta suɓuce daga hannunsa.

Ranar da rizal ɗin gwajinta na asibiti ya fito, a tsakar gida aka zauna. Malama ta ɗora ambulan a cinya, ta yi bayani da muryar da take koyarwa da ita: kansar mama ce, a hagu. Likita ta ce an gano da wuri, in aka yi tiyata cikin mako biyu ƙullin kaɗai za a cire.

"Tiyata?" Inna, mahaifiyar Injiniya, ta ajiye carbinta. "Daji ne fa! Daji ba ya son ƙarfe, wuƙa na taɓa shi zai watsu. Haka suka yi wa ƙanwata, ko wata uku ba ta ƙara ba!"

"Inna, likitar ta ce—"

"Likitar nan a haife na yi jika da ita." Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma ka ji da kyau. In ka kai yarinyar nan aka yanka min ita, ban yafe nonon da ka sha ba!"

Injiniya mutum ne da ke damƙar wayar wuta ko ƙifta ido ba ya yi. A nan dai takalminsa ya samu abin kallo.

"To, Inna," in ji shi.

Malama ta san sa hannunta kaɗai fom ɗin tiyatar yake buƙata, sista ta faɗa mata har sau biyu. Amma ta sa hannu ta dawo ta tarar da bakin uwa a kan mijinta? Kuma ba don ƙiyayya Inna take yi ba, abin da ya fi ɗaure ta ke nan. Da maƙiyiya ce, da an san yadda za a yi da ita.

Sai aka koma ga mai magani. Ya ba da wani baƙin haɗi a kwalba, a shafa safe da yamma. Haɗin yana aiki, ba a musa ba: tun da aka buɗe shi ƙuda bai sake shiga ɗakin ba.

Duk ranar Juma'a Malama takan rufe ƙofa, ta ɗauko rular da take zuwa aji da ita ta auna. Santimita biyu. Biyu da rabi. Uku da rabi. Ta yi kukanta a banɗaki, ta wanke fuska ta fito ta duba wa yara aikin gida. Injiniya kuwa ya tsiri fita da sassafe, kamar firjin garin sun haɗa baki sun lalace.

A mako na bakwai ta tare shi yana ɗaure takalmi, ta miƙa masa kwalbar.

"Baban yara, yau kai za ka shafa min."

"Malama, na makara, akwai kwastoma—"

"Plis. Sau ɗaya dai."

Ya karɓa. Da yatsunsa suka sauka a wurin sai suka tsaya cak. Fatar ta tattare, ƙullin ya yi tauri kamar dutse.

"Innalillahi! Tun yaushe ya zama haka?"

"Tun kana cewa to."

Ya zauna a ƙasa, kwalbar a hannu, ya fashe da kuka. Ita ce ma ta koma tana ba shi haƙuri, da ma haka rabon aikin yake a gidaje da yawa.

Daga nan ɗakin Inna ya nufa, ya durƙusa a bakin ƙofa. Malama tana jiyo su.

"Inna, ni na kai ƙanwarki asibiti, ni na ɗauko ta daga mota a hannuna. Shekara biyu tana shafa irin wannan kafin a kai ta. Ba wuƙa ta kashe ta ba."

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Ki yafe ni. Yau zan kai Malama asibiti."

Inna ta juya fuska bango. Ba ta tsine ba, ba ta kuma sa albarka ba.

Likita ta duba sabon hoton, ta cire tabarau, ba ta yi musu faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Yanzu maman duka za a cire, sannan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, zagaye shida.

Aka yi. Malama ta farka ta shafa gefen hagu, ta ji bandeji a shimfiɗe, ta rufe ido. Kemo ya zo ya kwashe gashi da gira da ɗanɗanon baki. Wata rana ta ce masa, "Ka dube ni da kyau, ba wadda ka aura ba ce."

"Ni mai gyara ne, Malama. Ba bodi nake dubawa ba."

"Au, firji ka mai da ni?"

Dariyarta ta farko ke nan a wata uku, amai ya katse ta.

A zagaye na uku ne, tana duƙe a kan roba, ta ji an riƙe mata goshi. Hannun ba na Injiniya ba ne.

"Haka ake riƙe mara lafiya," in ji Inna, tana hararar ɗanta. "Matsa can, sakarai! Dubi yadda kuka bar min yarinya ta rame."

Ba ta nemi gafara ba, ba a kuma tambaye ta ba. Amma daga ranar ita ke wanke robar, ita ke zama a bencin asibiti tana koya wa sistoci aikinsu.

Bayan wata goma likita ta ce hoton ya fito fes, sai dai a riƙa dawowa duba duk wata shida. Malama ta koma aji, ɗankwali ya rufe abin da ya rufu.

Haƙuri da mutane yana da lada, Malama ta gani da idonta: ga mijinta, ga surukarta, ba ta rasa ko ɗaya ba. Amma ciwo ba a yi masa haƙuri, kuma biyayya ga iyaye ba ta kai ga zuba ido rai ya tafi ba. Mako bakwai na kunya su suka ci abin da likita ta so ta bari.

Yanzu duk matar unguwa da ta ji ƙulli a jiki, wajen Inna ake turo ta. Inna ta kora ta asibiti da faɗa, ta ƙara da cewa ko a kan tata surukar ma, sai da ita Innar ta tsaya tsayin daka kafin yaran nan su yarda su je.

Har yau ba a samu wanda ya gyara mata ba.