Kwamfutar Marigayiya Aune

A gwanjon kayan wata marigayiya mai suna Aune Koskela na sayi wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. 'Yar marigayiyar ta riƙe hannuna ta ce, "Don Allah in ka ga hotuna a ciki, ka kira ni." Na ce to. Ina isa gida na share komai, ko leƙawa ban yi ba, na ɗora mata manhaja marar nauyi don ta yi sauri.

Sauri kam ta yi, amma ta ƙi kama intanet. Da duhu ya shiga na ɗauke ta zuwa shagon wankin unguwarmu a garin Thunder Bay na ƙasar Kanada, inda intanet kyauta ne. Na kashe, na kunna, na taɓa nan na taɓa can, shiru.

"Akwai ɗan maɓalli a gefen hagu, ɗana," in ji wata tsohuwa daga bayana. "Da farce ake tura shi. Taurin kai gare ta."

Ban ji shigowarta ba. Dusar ƙanƙara na zuba a waje, amma silifas ɗinta a bushe suke ƙarau.

Na tura maɓallin, 'yar fitila ta kama. Layin intanet ɗaya tak ya fito, kuma ba na shagon ba ne: Gidan Aune. Kwamfutar ta haɗu da kanta, ba ta nemi kalmar sirri ba.

Tsohuwar ta jawo kujera kusa da ni, kujerar ba ta yi ƙara ba.

"Yauwa," ta ce. "To buɗe min jikokina in gan su."