Kafin Kakin Ya Daskare

"Ki faɗa musu, Narmin! Gobe, a gaban kowa. Ki ce da hannunki kika zana su."

"Rage murya, Wa'il... Baba yana kwance a ciki."

Muna tsaye a bayan gidanmu na Fayum, kusa da akwatunan zuma, bayan la'asar. Tun daga Alƙahira ya taho a motar haya, amma ko shayin da na kawo masa bai taɓa ba.

Wa'il ma'aikacin gidan adana kayan tarihi ne, aikinsa gyaran tsofaffin zane-zanen fuskokin mutanen da suka mutu tun zamanin da. Shi kaɗai ya gano sirrinmu. Shekara biyu da suka wuce ya zo kallon aikin Baba, ya daɗe yana duba wani allo, sannan ya juyo ya gan ni ina zuba shayi da hagu. Kaki ba ya ɓoye sawun buroshi. A tsofaffin zanen Baba daga dama sawun yake gangarowa, a sababbin kuwa daga hagu. Murmushi kawai ya yi min, ni kuwa na kasa mantawa.

Shekara shida ke nan da hannun Baba ya fara rawa. Zanen kaki kuwa ba ya jiran kowa. In ka tsoma buroshi a narkakken kakin zuma mai launi, kafin ka ƙirga uku ya daskare. Don haka ni ke zanawa, shi yana zaune a bayana yana cewa in ƙara ja a kunci, in rage haske a goshi. In na gama sai in riƙe masa wuyan hannu ya rubuta sunansa a ƙasa.

"An tura ni Aswan, shekara huɗu," in ji Wa'il. "Ranar Asabar zan hau jirgin ƙasa. Habibti, masoyiyata, mahaifiyata ta gaji da tambayata yaushe za mu zo a karanta Fatihar baikonmu."

"Ka ƙara min lokaci..."

"Bara ma haka kika ce!"

"In na tafi, wa zai riƙe masa ko da kofin shayi?"

"Goggonki tana nan bayan katanga. Kofin shayi kowa zai riƙe masa, Narmin. Buroshin ne ya ɗaure ki."

"Kai da ka saba da fuskokin matattu, ina ka san kunyar masu rai?"

Ya yi 'yar dariya, ba ta jin daɗi ba. "Matattun ma an fi kyautata musu. Aƙalla muna ƙoƙarin gano wanda ya zana su." Ya sassauta murya. "Ba cewa na yi ki tozarta mahaifinki, Ammu Midhat, ba. Shi ya koyar da ke, wannan kaɗai abin alfahari ne gare shi. Ki faɗa kawai. In kin faɗa, na san akwai ranar fitarki, zan jira ko shekara nawa ne. In ba ki faɗa ba... na ji amsata."

Na sunkuyar da kai ina kallon tabon ƙuna a yatsuna.

"Zan faɗa," na ce.

*

Washegari ɗakin baje kolin Madam Sausan da ke unguwar Zamalek a Alƙahira ya cika. An ƙure na'urar sanyi saboda kakin. Fuskoki goma sha takwas ne a bango, da manyan idanunsu, suna kallona. Kowacce na san ranar da na yi ta. Ɗaliban da Baba ke koyarwa ranar Talata sun zo cikin rigunansu masu kyau, suna layin sumbatar kansa. Shi kuwa ya cusa hannaye cikin aljihun kwat, yana ta amsa gaisuwa.

Wa'il yana tsaye bakin ƙofa.

Ina maimaita kalmomina a zuci ke nan sai Madam Sausan ta tafa hannu.

"Jama'a, na tanadar muku abin mamaki! Yau Ustaz Midhat zai yi zane a gabanmu!"

Aka ja labule. Ga tebur, ga risho na lantarki, ga gwangwanayen kaki suna tururi, ga sabon allo fari tas. Wani ɗan jarida ya ɗaga kyamara.

Na ga fuskar Baba ta yi fari.

Ya je ya zauna, don babu hanyar ƙi. Ya ɗauki buroshi ya tsoma. Tun kafin ya kai allo hannun ya kama rawa, kakin ya ɗiga masa a wando, sauran ya daskare a bakin buroshin. Ya yi tari. Ya sake tsomawa. Buroshin ya bugi gwangwani, kwas-kwas-kwas, kowa yana ji.

Ɗakin ya yi tsit.

Baba ya ɗago yana nemana cikin mutane, kamar yaron da ya ɓace a kasuwa. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa ya kai ni gidan tarihi kallon zanen fuskokin kakanninmu. Mutumin da ya raine ni shi kaɗai bayan rasuwar Mama.

Na waiwaya. Wa'il ya gyaɗa min kai a hankali.

Na fita tsakiya.

"Jama'a... akwai abin da zan faɗa muku."

Idanu suka dawo kaina. Baba ya ce, can ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, "'Yata..."

Abin da ya ce ke nan. Bai roƙe ni ba. Da ma ya roƙa, wataƙila da na ji haushi na iya.

"Baba wasa yake muku," na ji bakina yana cewa. "Tun a gida ya rantse yau ni zai gwada a gabanku. Wai in na iya zana ido ɗaya, zai yafe min kakin da nake ɓarnatar masa!"

Aka kwashe da dariya. Na karɓi buroshin daga hannunsa. Na san a ɗakin nan ba za a rasa mai ido irin na Wa'il ba, saboda haka na mayar da shi hannun dama.

Idon ya fito a karkace.

Nan take muryar Baba ta dawo. "Ke! Wannan ido ne ko ƙwan kaza? Ƙara baƙi a sama! Shekara nawa ina faɗa miki?"

Dariya da tafi suka cika ɗakin. Wata dattijuwa mai sarƙar zinariya ta dafa min kafaɗa. "Kada ki damu, habibti. Ba kowane ɗa ne ke gado ba."

"Gaskiya ne, Hajiya," na ce.

A kan matakala na cim ma Wa'il.

"Tsaya, don Allah!"

Ya tsaya, amma ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo na ga idanunsa sun kaɗa.

"Kin yarda su yi miki dariya, Narmin. Ke! A ƙarƙashin zanenki..."

"Ubana ne, Wa'il!"

"Na sani, rayuwata. Shi ya sa na kasa jin haushinki. Da ma zan iya, da tafiyar ta fi min sauƙi."

"Ko wasiƙa..."

"A'a. In muka fara, shekara goma za ta same mu a nan." Ya share fuska da bayan hannu. "Ki kula da yatsunki. Kina yawan mantawa risho yana kunne."

Ya sauka. Na tsaya ina sauraren takunsa har ƙarar motocin titi ta haɗiye shi.

Da na koma ciki na tarar da Baba tare da Madam Sausan, fuskarsa sai walƙiya take.

"Narmin, zo ki ji! Madam tana son allo ashirin da biyar kafin sanyi. Iskandariya za a kai su!"

Madam ta wuce wajen baƙinta. Sai a lokacin Baba ya dubi idanuna da kyau. Murmushinsa ya gushe. Ya kalli ƙofa, ya sake kallona.

"Yaron ya tafi?"

"Ya tafi, Baba."

Ashe ya san abin da ke tsakanina da Wa'il. Ya daɗe da sani.

Leɓunansa suka motsa. Na tsaya ina jira. Asabar ba ta zo ba tukuna. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa.

Ya mayar da hannayensa aljihu, ya sunkuyar da kai.

"Kakin da muke da shi... zai isa kuwa?"



"Zai isa, Baba."