Jar Akuya Ƙafafu Sama

Ranar da Rayyanu ya sauka daga moto, wato babur, a ƙofar ƙungiyar masu kiwon awaki ta Mayahi, Zara'u na kokawar ɗaure wata akuya. Ya kalle ta, ta kalle shi, akuya ta ƙwace ta yi gaba.

Daga Tasawa ya zo. Shi ya gina wa ƙungiyar shafin intanet na tallan awaki, aka ce ya koya wa Zara'u, 'yar shugaban ƙungiyar, yadda za ta kula da shi.

"Ba sai kin karanci informatik, ilimin kwamfuta, ba," ya ce. "Ki jawo hoto da yatsa, ki aje nan, ki rubuta bayani, ki danna. Shi ke nan."

Abin haushi, da gaske shi ke nan ɗin. Nan da nan ta ƙware. Rayyanu ya rasa dalilin zuwa, ita kuma ta rasa sukuni. Ta zauna, ta tashi, ta duba waya, ta ɗora wa rezo, wato sabis ɗin waya, laifi.

Da abin ya ishe ta, sai ta shiga shafin ta juya hoton jar akuya ƙafafu sama, ta tura saƙo: "Malam, shafi ya lalace."

"Ga ni nan tahe, ɗalibata," ya amsa.

Ya zo ya gyara, yana ɓata fuska kamar aikin da wuya. Gobe bunsuru ya ɓace, jibi lambar waya. Kullum Rayyanu na hanya, kullum hira na ƙara tsawo.

Mumuni dillalin awaki, wanda ya daɗe yana son ta, ya samu mahaifinta, Alhaji Haladu. "Alhaji, yaron ga da gangan ya yi aiki marar ƙarko, don ya riƙa zarya wajen ɗiyarka."

Ran Alhaji ya ɓaci. "Mai ha'inci ga sana'a ba shi auren ɗiyata. Kar in sake ganin shi nan."

Da yamma saƙon Rayyanu ya shigo: "Zarata, na san mai juya akuya, shafin na nuna sunan wanda ya taɓa shi. Ba ni faɗi. Gara a ce ni ne."

Ta karanta, abinci ya gagare ta. Ta kai ƙofar zaure ta dawo, ta sake komawa. Ƙarshe ta durƙusa gaban mahaifinta da waya a hannu.

"Baba, duba." Ta juya akuyar, ta miƙe ta, ta sake juyawa.

"Ke ke yin haka?"

"Ni ce, Baba. Aikinshi bai taɓa lalacewa ba."

"To don mi?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Sai dariya ta ƙwace wa Alhaji.

"Ya koya maki har ya kori kanshi daga aiki, ya ɗau laifinki bai buɗe baki ba. Ki ce ya turo magabatanshi, tun ba ki juye mani garken duka ba."

Bayan girbi aka ɗaura aure, aka kai amarya Tasawa, kuma daga ɗakinta take kula da shafin. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.