Harbi Daga Cikin Aljihu

Ranar Lahadi ce, ana cikin cin soyayyiyar kaza a zauren cocin Cedar Fork, aka kira ofishin 'yan sanda aka ce akwai gawa a bayan ginin.

Ko da Sufeto Renita Calloway ta isa, ta tarar Sajan Hoyt ya riga ya yanke hukunci. Mamacin sunansa Lamar Suggs, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Yana kwance a gindin injin sanyaya cocin, doguwar jakar kayan aikinsa a buɗe, harsashi biyu a jikinsa. Abokin aikinsa, Keon Webb, yana zaune a bayan motar sajan da ankwa a hannu.

Hoyt ya lissafa mata hujjojinsa yana goge maiƙon kaza daga yatsunsa. An ji su biyun suna cacar baki da safe a kan aikin ranar Lahadi. An samu ƙaramar bindiga fistol a motar Keon, kuma da alamar an harba ta kwanan nan. Keon ya ce jiya ya je filin koyon harbi, yau kuma sayen wani ƙarfe ya tafi, ya dawo ya iske gawa.

"Kowa ma haka yake cewa," in ji Hoyt.

"Ina kwanson harsasan?"

"Ya tsince abinsa, ranki ya daɗe. Yaran yanzu sun ƙoshi da kallon talabijin."

"Ya tsince kwanso, amma ya bar bindigar a mota, ya kuma kira mu da bakinsa?"

Hoyt ya ɗaga kafaɗa. Irin wannan ɗaga kafaɗar ta kai mutanen gundumar nan kurkuku fiye da kowace shaida. Mai gabatar da ƙara ya riga ya ce ranar Talata zai shigar da tuhumar kisan kai, kuma idan aka shigar, yaro kamar Keon da ba shi da lauyan kansa sai ya yi furfura kafin wani ya sake buɗe fayil ɗin.

Kamar yawancin majami'un yankin, cocin tana da masu tsaro na sa kai, dattawa huɗu da ke ɓoye bindiga a ƙarƙashin kwat ɗin Lahadi. Fasto Whitlow ya tara su a ofishinsa. Ba musu, kowa ya ajiye fistol ɗinsa a kan tebur. Duka huɗun fes suke, sai ƙanshin mai. Duka dattawan sun ce suna ciki lokacin waƙa, ga ganguna ga tafi, ba wanda ya ji komai.

Faston ya ce shi ya kira masu gyaran da safe, domin zafi ya fara kayar da tsofaffi. Da ta tambaye shi ko ya sanar da masu tsaron, sai ya ce yana jin ya sanar.

Washegari likitan da ya duba gawar ya kira ta ofishinsa. Harsasan irin na fistol ne, masu rami a baki. Amma cikin ramin kowanne akwai zaren ulu ruwan toka, a babbake. Lamar kuwa shuɗiyar rigar auduga ya sa.

Renita ta daɗe tana kallon zaren. Harsashin ya ratsa tufa kafin ya isa ga Lamar, wato daga cikin aljihu aka harba shi. Ta kuma san fistol ba ta yin harbi biyu a aljihu. Samanta yana ja da baya ne ya tofar da kwanso, ƙyalle kuwa zai riƙe shi tun a harbin farko.

Ta wuce shagon Dub Ferris, mai sayar da bindigogi, wanda filin harbin garin yake bayan shagonsa. Ta ce masa tana neman abin da za ta riƙa sawa a aljihun riga.

Dub ya washe baki ya ɗauko wata 'yar libarba, irin mai tukunyar da ke juyawa, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Ya ce wannan ita ake yayi. Harsashin fistol take ci, mai araha, wanda kowa yake da shi a gida. Ba ta da abin da zai kama tufa, ba ta tofar da kwanso, ba sai an ɗana ta ba. Mutum yana tsaye hannunsa a aljihu yana murmushi, ba wanda ya san ya riga ya saita.

Yana faɗa yana alfahari, kamar mai tallar tukunyar girki.

"Su wa ke saye?"

"Mata, sai tsofaffin da hannu ya gaza. Kin san Baba Orville Pruitt na coci? Amosanin gaɓɓai ya murɗe masa yatsu. Bara a filin nan ya yi ta kokawa da fistol ɗinsa, 'yan'uwansa masu tsaro suna dariya, wai ya koma tsaron kwanon tara sadakar coci. Na ce Baba, zo in fitar da kai kunya."

Sai ya lura da fuskarta, ya mayar da bindigar cikin gilashi a hankali. Ya ce shi dai duk abin da ya sayar bisa doka ya sayar. Ta ce ta sani, abin da ya dame ta ke nan.

Ta samu Orville Pruitt, ɗaya daga cikin masu tsaron nan huɗu, a zauren coci da yamma, shi kaɗai, yana jera kujeru. Dogon tsoho ne mai tsabta, shekara talatin yana tarbar mutane a ƙofar cocin. Matar da ke share kicin ta riga ta gaya wa Renita, cikin raha, cewa jiya ne karon farko da ta ga Baba Orville yana raba abinci ba kwat a jikinsa.

Ya ce zafi ne ya sa ya tuɓe. Kwat ɗin kuma yana wurin wanki.

Renita ta fito da fistol ɗin da ya miƙa jiya, ba harsashi a ciki, ta ajiye a gabansa.

"Baba, ɗana mini ita."

"'Yata, ai kin ga ba a harba ta ba."

"Na gani. Ɗana ta kawai."

Ya ɗauka. Ya kama samanta da kumburarrun yatsunsa ya ja. Ba ta motsa ba. Ya danna ta a cinya ya sake ja, har gumi ya keto masa a goshi. Ƙarfen ya kuɓuce ya bugi tebur, ƙarar ta cika zauren.

"Wannan ba da ita kake tsaron coci ba," in ji Renita. "Ina ƙaramar?"

Ya zauna a ɗaya daga cikin kujerun da ya jera. Ya fara magana a hankali, idonsa a ƙasa.

Ya ce shekara uku suna horo kowace Asabar a kan ranar da wani zai shigo da bindiga a doguwar jaka ya buɗe wa jama'a wuta. An nuna musu hotunan majami'un da aka yi wa haka. Jiya ana cikin waƙa ya fita zagaye, sai ga baƙon mutum a bayan bangon da ɗakin yara yake, ya durƙusa yana buɗe doguwar jaka. Ba wanda ya gaya masa za a zo gyara. Ya yi masa magana, mutumin bai waiwayo ba. Ya ɗaga murya. Sai mutumin ya juyo da wani dogon ƙarfe a hannu.

"Hannuna yana aljihu tun daga ƙofa. Ban ma san na matsa ba."

Da ya ƙarasa kusa ya ga abin jin waƙa a kunnen Lamar, ƙarfen kuma sifana ce.

Ya naɗe bindigar cikin kwat ɗin ya cusa a ƙarƙashin matakalar tafkin baftisma, ya wanke hannu, ya je ya raba kaza. Da dare ya gaya wa Fasto Whitlow. Faston ya ce su yi addu'a, su jira su ga yadda al'amarin zai kaya.

"Kun san akwai yaro a tsare?"

"Mun sani."

"Kun san gobe za a tuhume shi da kisa?"

"Fasto ya ce in dai ba shi da laifi, Ubangiji zai fitar da shi."

Renita ta kira Hoyt a waya ta ce ya zo da mai ɗaukar hoto, ya kuma biya ta gidan fasto ya taho da shi. Hoyt ya fara cewa mutanen nan fa manyan gari ne. Ta kashe wayar.

Kwat ɗin yana inda Orville ya ce. Aljihun dama ya ɓule, gefensa ya ƙone. Kwanso biyu suna nan cikin tukunyar libarbar.

Magariba ta kusa lokacin da ta shiga da Orville ofishin 'yan sanda. A kantar ofishin ana miƙa wa Keon Webb bel ɗinsa da igiyar takalminsa, za a sake shi. Idanunsa sun yi ja. Da ya ɗago ya ga tsohon, sai fuskarsa ta saki.

"Baba, kai ne? Na gode da jiya. Ranki ya daɗe, shi ne ya kawo mini ruwa ina zaune kusa da Lamar, ya dafa kaina ya yi mini addu'a. Shi kaɗai ne ya..."

Idonsa ya sauka kan ankwar da ke hannun tsohon. Bai ƙarasa ba.

Orville bai ɗago kai ba. Renita ta kama gwiwar hannunsa, ta wuce da shi ciki.