Fuskar da Aka Juya a Shafi na Bakwai

Saura kwana uku a yi zaɓen majalisar yanki aka wayi gari da ƙarya a shafi na bakwai. Jaridar garin, mai fitowa mako-mako, ta buga ɗan littafi na tarihin 'yan takara biyar, kwafi dubu shida, kuma kafin ƙarfe tara ya shiga kasuwa da tasha da shagunan aski. Shafin lauya yana nan lafiya, da jerin digirorinsa da suka kusa cinye hoton. Na mai gidajen mai ma haka, ya yi alkawarin titi har inda babu gari. Tsohon shugaban makaranta da tsohon ɗan ƙwallo ba a taɓa su ba. Amma inda ya kamata a ga tarihin Inna Ungozoma, sai ga manyan baƙaƙe, wai ta janye daga takara saboda rashin lafiya, tana roƙon magoya bayanta su yafe mata.

Inna kuwa garau take. A lokacin ma tana asibiti tana yi wa wata mai naƙuda faɗa.

Sufeton 'yan sanda ya hau benen jaridar yana haki, don shekaru da teɓa sun haɗa masa kai. Hukumar zaɓe ta ba shi zuwa ƙarfe huɗu ya kawo mai laifi, kuma laifin na ɗauri ne. Kafin ya zauna an riga an nuna masa wanda zai kama: budurwar da ta rubuta tarihin, wadda kowa ke kira 'Yar Baba saboda mahaifinta shi ne mai tsara shafukan jaridar. Daga kwamfutarta aka tura shafin ƙaryar zuwa injin bugu, ƙarfe shida saura kwata na safe. Tana zaune a lungu, idanu sun yi ja, ta rungume jakarta kamar za a ƙwace.

Sufeto ba ya son laifin da aka dafa aka kawo masa a faranti. Ya fara da Edita.

"An ce lauyan nan ɗan baffanka ne."

"Ɗan baffana ne, Yallaɓai, amma rabon da mu gaisa tun rabon gado."

"Ina kake ƙarfe shida saura?"

"Gidan rediyo, ana hira da ni kai tsaye. Rabin gari sun ji ni, sauran rabin sun kashe rediyonsu." Ya miƙo wata takarda. "Ga shafin gaskiya da na sa wa hannu jiya da yamma. Ni kwamfuta ko kunna ta ban iya ba, da biro nake aiki."

Sufeto ya buga waya gidan rediyo, aka tabbatar. Ya sauka ƙasa wurin mai injin, wani ƙato da tawada ta zame masa lalle, ana ce masa Injiniya.

"Kai ka buga kwafi dubu shida ba ka ga abin da ke ciki ba?"

"Yallaɓai, ni tawada nake karantawa, ba rubutu ba. In baƙi ya yi baƙi, ja ya yi ja, na gama. Ko sanarwar mutuwata aka turo zan buga, in dai kalar ta zauna."

"Wa ke da makullin sama?"

"Edita, da Baba, da 'yarsa. Ni nawa na ƙasa ne, ƙarfe shida da rabi na buɗe, shedata mai gadin banki."

Baba yana teburinsa a bakin taga, siririn tsoho mai farin gemu, da rula da fensir a aljihun gaba. Shekara talatin da takwas yana tsara shafukan jaridar nan, tun ana yanka da almakashi ana liƙawa. Ya ce da sassafe yana fita taka ƙafa kamar yadda likita ya umarce shi, shi kaɗai. Ya ce 'yarsa ba za ta aikata ba. Bai ɗaga ido ba, amma wane uba ne zai iya ɗaga ido a irin wannan rana?

Sai 'Yar Baba.

"Wa ya san lambar sirrin kwamfutarki?"

"Ni kaɗai."

"Mece ce?"

"Sunan mahaifiyata. Ta rasu ranar da ta haife ni."

"Kin iya tsara shafi?"

"Na iya. Bara da aka yi wa Baba aikin ido, ni na riƙe jaridar mako uku." Ta ɗago ta dube shi. "Yallaɓai, mako biyu na yi ina bin Inna. Na ga matar da ta zo daga ƙauye da ɗanta mai gemu don kawai ya gaishe ta. Shekara arba'in tana karɓar haihuwa, kuma ta tsaya takara ne don a sa motar ɗaukar masu naƙuda a kowace gunduma. Ban taɓa rubuta abin da na so kamar shafin nan ba. Don me zan kashe shi da hannuna?"

Ana cikin haka hayaniyar ƙasa ta mutu ɗif, har injin ya yi shiru. Sufeto ya leƙa. Wata gajeruwar tsohuwa ce ke hawowa, da takalmin roba da tsohuwar jakar asibiti, mutane suna darewa suna ba ta hanya. Injiniya, ƙaton nan, ya cire hula ya durƙusa. Kurtun da ke tsaron ƙofa, wanda ko Sufeto sai ya ga dama yake ƙame masa, ya sara mata, ya ce a hannunta aka haife shi. Sufeto ya tsinci kansa a tsaye bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya ga gwamnoni, ya ga alƙalai, bai taɓa ganin ɗaki ya sunkuya wa mutum haka ba tare da jiniya ba.

"An ce na janye," in ji Inna. "Na zo in ji ciwon da ke damuna, ko na samu magani."

Ta ɗora hannu a tebur. A bayan hannunta na hagu akwai tsohon tabon ƙuna, daga wuyan hannu har gindin yatsu. Sufeto ya dubi hannun, ya dubi littafin. A hoton ta tallafe haɓa da hannun mai tabo, amma a littafin hannun dama ne. Ya jawo shafin gaskiya da Edita ya sa wa hannu ya jera su. Hoto ɗaya ne. A na gaskiya yana gefen hagu, tana duban dama, wajen rubutu. A na ƙarya dogon kanun labari ya tura hoton gefen dama, sai aka juya shi kamar a madubi, tana duban hagu, nan ma wajen rubutu.

Ya kira 'Yar Baba ɗakin Edita ya rufe ƙofa.

"Mai sauri, mai tsoron a kama shi, me zai sa ya tsaya juya hoto?"

Ta dubi shafukan biyu. Ya ga jini ya bar fuskarta. Sannan ta ajiye jakar da ta wuni tana rungume da ita.

"Ni na yi."

"Ɗazu kin ce ba ke ba ce."

"Ƙarya na yi. Ka rubuta, in sa hannu."

Sufeto bai rubuta ba. Ya ce a buɗe masa ɗakin ajiya, inda aka ɗinke tsofaffin jaridu shekara-shekara. Ya zauna a ƙasa cikin ƙura yana buɗawa, tun yana neman hujja har ya koma kallo. Ango da amarya, gawa da jariri, ɗan kasuwa da ɓarawon akuya, dubban fuskoki na shekara talatin da takwas, babu ɗaya da ke duban wajen takarda. Kowa ya fuskanci labarinsa kamar yana sauraro. Shekarunsa nawa yana karanta jaridar nan, bai taɓa lura cewa akwai hannun da ke zaunar da kowa inda ya dace ba. Tsigar jikinsa ta tashi. Sai da ya kai fitowa uku na bara ya ga fuskoki sun watse, wannan na kallon gabas, wancan na kallon bango.

Ƙarfe uku ya tara su a babban ɗaki, ya baje kundin bara a teburin Baba.

"Edita yana rediyo. Injiniya ba shi da makullin sama. Saura mutum biyu. Wannan mako ukun 'Yar Baba ce ta tsara, ga su nan, ko hoto ɗaya ba ta juya ba, ba ta damu da inda fuska ke kallo ba. Wanda ya yi shafin ƙarya kuwa ya iya ƙarya, amma ya kasa barin hoto ya ba rubutu baya. Hali zanen dutse. Kuma lambar sirrin sunan mahaifiyarta ne, sunan da mutum ɗaya a ginin nan ya fi ta saninsa." Ya sassauta murya. "Baba, 'yarka ta amsa laifin. In na fita da ita yanzu, ɗauri ne."

Tsohon ya juya ya dubi 'yarsa, karo na farko a ranar.

"Ke kuma wa ya aike ki?" Ya zare rula daga aljihu ya ajiye. "Hoto baƙo ne, Yallaɓai, ba ya juya wa masu gida baya. Haka aka koya min. Ban ma san na juya shi ba. Kuma wallahi ban san injin yana rubuta kwamfutar da ta turo ba."

"Lauya ne ya saye ka?" in ji Edita.

"Ni za a saya?" Ya nuna Inna ba tare da ya dube ta ba. "Shekara ashirin da bakwai ina tsallaka titi in na hango ta. A hannunta matata ta cika. Ta fito ta miƙo min jaririya ta wuce, ko sannu ba ta ce min ba. Ban taɓa gaya wa yarinyar nan ba. Jiya sai ga ta ta kawo min yabon matar, da rubutunta, wai in tsara. Na tsara, na kai gida, ya ƙi kwanciya a cikina."

Inna ta ƙura masa ido, ba fushi a fuskarta.

"Gidan mai koren ƙofa, bayan tsohuwar tashar ruwa. Talata ce, da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mun aika neman mota sau uku ba a samu ba. Jini ya ɓalle mata, na yi abin da na sani har na ƙure."

"Kin tuna?"

"Waɗanda suka rayu sun yi min yawa, ɗana. Waɗanda na rasa su goma sha ɗaya ne, kuma kowace da ranarta nake kwana. Saboda su nake neman kujerar nan, ba don ina sha'awar rigima da lauyoyi ba." Ta juya hannunta na hagu. "Ban tsaya yi maka sannu ba saboda fatar hannuna tana zuba. Ƙanwar matarka ta ruɗe ta ture tukunyar ruwan zafi daga kan risho, jaririyar tana ƙasa a kan zane. Hannun ne ya fi kusa. Na naɗe shi a gyale don kar ka ga wani abin tashin hankalin, ga wanda kake ciki."

'Yar Baba ta dafa bango. "Na tambaye ki tabon nan, Inna. Kika ce aikin gida ne."

"A gida aka yi shi ai."

Sufeto ya yi shekara ashirin da biyar yana jin yadda mutane ke ƙara wa kansu tsawo, yau ga wadda aka ba shafi guda ta yabi kanta, ta ɓoye abin da ya fi komai. Baba kuwa ya zame daga kujera ya durƙusa a gabanta.

"Tashi," in ji Inna. "Gwiwar tsoho ba ta son siminti. Ni na yafe. Na hukuma kuma ba nawa ba ne, amma zan je in faɗa musu abin da na faɗa maka."

Edita ya ce gyara zai fita kafin magariba, kwafi dubu goma, rediyo ma za ta sanar. Injiniya ya sauka yana share ido da bayan hannu, ya bar baƙin layi a kumatu. Sufeto ya yaga takardar tuhumar da aka rubuta da sunan budurwar tun safe, ya gaya mata ta wanku, tana iya tafiya gida. Tun ƙarfe tara take roƙon Allah ya tona asirin wanda ya yi mata wannan, ga shi an amsa mata.

Bai sa wa tsohon ankwa ba. Suka sauka a hankali, Baba a gaba yana laluben matakala. Sun kai bakin mota sai ga 'Yar Baba da gudu, riƙe da tabaransa da 'yar kwalbar maganin ido.

"Sau uku a rana ake ɗiga masa, Yallaɓai. Shi ba ya iyawa da kansa."

Sufeto ya dubi kwalbar, ya dubi kujerar baya, ya buɗe mata ƙofa. Ta shiga ta zauna kusa da ubanta.